Ramlatu Mai Kitson Masu Zazzaɓi

A bakin bazan, matarar ruwan unguwar Misfala ta Makka, aka yi faɗan, inda 'yan garuwa ke layin ɗibar ruwa, da hantsi, ana saura 'yan kwanaki a hau Arfa. Farkon shekarun sittin ne, lokacin da aikin hajji ke faɗowa a tsakiyar zafi. Shatu mai lalas tana tsugune a inuwar bango tana jiran a cika mata garwa, sai ga Ramlatu ta ɓullo daga lungu, farar rigar asibiti tana leƙowa ta ƙarƙashin mayafinta. Ko sallamar ba ta kai ƙarshe ba, ta ce a gaban kowa wai Shatu ta ƙona baƙuwar Allah.

Baƙuwar da ake magana wata 'yar Jawa ce, Marfu'a, ɗaya daga cikin alhazan da muɗawwifi, jagoransu mai nema musu masauki, ya sauke a ɗakunan Shatu a shekarar. Zazzaɓi ya kayar da ita, aka kai ta asibitin gwamnati inda Ramlatu ke wanke majinyata mata. Da Ramlatu ta ɗaga mata hannu za ta goge ta, sai ta ga ƙuna can cikin hammata, baƙa ƙirin, zagayayya, kamar an ɗora kan ƙusa mai zafi. A duk Misfala kuwa mace ɗaya ce ke gasa ƙusa a garwashi ta ɗora wa mai ciwon kai ko saifa ko shawara, kuma a gidanta matar ta sauka.

Shatu ta miƙe a hankali, ba don fushin bai kai ba, gwiwa ce ba ta yarda da gaggawa.

"Ke Ramlatu, warin fo ɗin da kike kwasa ne ya hau miki ka?"

Ta ce ta yi wa Buzu lalas, ta yi wa Balaraben ƙauye, ta yi wa 'yan Yaman masu dako, a ƙeya, a doron kafaɗa, a gefen ciki. Ta juya ta tambayi 'yan garuwa ko akwai wanda ya taɓa jin ta kai wuta hammata, inda gumi zai ruɓar da wurin kafin a je ko'ina. Suka sunkuyar da kai, wasu suna dariya ƙasa-ƙasa. Ramlatu ba ta ɗaga murya ba. Ta ce abin da idonta ya gani ta faɗa, matar kuma tana can tsakanin rai da mutuwa.

"To riƙe wannan," in ji Shatu. "Kin yi mini ƙazafi a garin Allah, a watan Allah. Ban yafe ba."

Duk wanda ya zauna Makka ya san nauyin wannan magana. Malaman Harami kullum faɗa suke yi, tsayuwar Arfa tana wanke abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma hakkin mutum yana nan rataye a wuya sai mai shi ya sauke. Ramlatu ta ji, sai ta juya ta tafi. Kafin azahar magana ta kai kunnen muɗawwifi. Ya aiko aka kwashe sauran alhazansa da tabarminsu da tukwanen shinkafarsu, bai kuma ƙara sauke kowa a gidan Shatu ba.

Abin da ya ba maganar Ramlatu nauyi shi ne ita ba mai surutu ba ce. 'Yar Mirriya ce, ta ƙasar Damagaram. Tana ƙarama iyayenta suka ɗauko hanyar gabas a ƙasa. Suka yi noma a Wadai, suka yi tsintar auduga a Sudan, har ta zama budurwa kafin su ga teku. A Sawakin uwarta ta kwanta da zazzaɓi suna jiran jirgin ruwa. Babu wata babbar mace a kusa, don haka Ramlatu ce ta yi jinyarta, ita ce kuma ta wanke ta. Tun daga nan hannunta ya san yadda ake juya jikin da ba shi da ƙarfi. A Makka ta auri Tsoho ɗan garuwa. 'Ya'yan da ta haifa ƙasa ta karɓe su tun suna goye, daga baya ta karɓi Tsohon ma. Da asibiti ya nemi mata masu wanki da goge-goge, matan unguwa suka ce wannan aikin ƙazanta ne. Ramlatu ta ɗauki mayafinta ta tafi. Shatu tana cikin waɗanda suka fi yi mata gori, ko da yake tuwonsu bai daina tsallaka lungu tsakanin gidajen biyu ba.

Da la'asar ranar faɗan Shatu ta kasa zama. Ba ta ce tausayin 'yar Jawa ne ya tashe ta ba, duk da matar mai kirki ce, ba ta dafa abinci ta hana ta ɗanɗano. So take ta ga ƙunar da aka jingina mata, ta gane hannun wane ne, don tana zargin wani ɗan Yaman da ke unguwar Jarwal. Mai gadin asibiti ya tare ta a ƙofa, ta ce masa ta girmi uwarsa, ta wuce.

Ɗakin mata ya cika ya batse. Gadaje sun ƙare, sauran suna ƙasa kan tabarmi, fanka tana juya iska mai zafi, ana nishi da kowane harshe na duniya. Kusan duka zazzaɓi ne. Marfu'a tana can lungu, idanu jajur, ana kiran sunanta ba ta ji. An ɗura mata maganin zazzaɓin sauro har ya ishe ta, jikin bai ko sassauta ba. Ramlatu ta ga Shatu, ta zo ta ɗaga hannun matar.

Shatu ta duƙa ta kai ido kusa. Baƙin ɓawo ne kamar ƙwayar wake, da jan zobe kewaye da shi. Ta sa babban yatsa ta danna. Matar ko motsi ba ta yi ba. Ta matsa gefe kaɗan ta taɓa kaluluwar da ta kumbura, nan take matar ta yi ƙara.

"Wannan ba wuta ba ce," in ji Shatu. "Wuta tana barin bororo, tana barin zafi. Na ƙona mutane sun fi gashin kanki yawa, ban taɓa danna wa mutum sabon lalas ya yi mini shiru ba."

Ramlatu ta dube ta, ta dubi tabon. Ba ta yi musu ba, ba ta kuma tsaya kare kanta ba. Fita ta yi ta dawo da likita, wani siririn dattijo ɗan Pakistan mai furfura a gemu. Shi a al'adarsa daga ƙafar gado yake tsayawa ya yi tambaya, ba ya buɗe jikin mace, su ma matan ba za su yarda ba. Sai Ramlatu ta lulluɓe Marfu'a da zane tun daga kai har ƙafa, ta bar hammatar kaɗai a buɗe kamar 'yar taga.

Likita ya duƙa ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya yi tasbihi. Ya ce da Larabci rabonsa da ganin wannan tabo tun yana saurayi a yaƙin Bama, inda sojoji suka riƙa kwanciya a tantinsa da irinsa. Sannan ya dubi baƙaƙen matan biyu, ya yi murmushi, ya ce da Hausa tsantsa, "Sannu. Yaya jiki?" Ashe a bakin sojojin ƙasar Hausa ya koya, iyakar abin da ya rage masa ke nan.

Ya yi musu bayani. Wai a ƙasashen can na gabas masu yawan ruwa akwai wani ɗan jan ƙwaro a cikin doguwar ciyawa, bai kai ƙwayar dakakken barkono ba. Yakan hau mutum ya nemi wuri mai laushi mai gumi ya lafe, cizonsa ba a jin sa. Inda ya tsotsa nan ne ke mutuwa ya yi baƙi, zazzaɓin kuma sai ya yi kwanaki yana barci a jini kafin ya tashi. Ba ya tsallakawa daga mutum zuwa mutum. A zamanin da kowa jirgin ruwa yake hawa, a teku ciwon ke gama abin da zai yi. Yanzu da wasu ke zuwa ta sama, sai jirgi ya rigaye shi, ya farka a Makka. Aka kira wata tsohuwar Jawa mazauniyar gari ta tambayi mijin Marfu'a. Ya ce ƙwarai, ita ke yanko wa saniyarsu ciyawa har ranar da aka sayar da saniyar don tafiyar.

Shatu ta tsaya tana kallon waje ta taga. Duwatsun Makka ne baƙaƙe tsirara, ga wata akuya tana taunar takarda don ba ta da abin ci. A nan, a garin da ba ciyawa, zazzaɓin ciyawa ya zo ya kwantar da mace. Abin da ido ba ya gani ya ƙetare teku, ba fasfo, ba muɗawwifi, aka kuma tanadar masa a wannan ɗaki mutum ɗaya da ya san shi tun daga wani yaƙi a wata duniya.

Likita ya ba da wani kafso. Marfu'a ba ta iya haɗiya, sai Ramlatu ta riƙa fasa shi tana cuɗawa da zuma tana lasa mata, in ta amayar ta sake. Ba a rufa kwana biyu ba gumi ya karyo, matar da aka fara yi wa maganar likkafani ta buɗe ido ta nemi shinkafa. A motar asibiti aka kai ta Arfa, ta yi tsayuwarta a zaune.

Tun kafin nan Ramlatu ta riga ta koma bakin bazan, da hantsi, a gaban 'yan garuwan nan dai. Ta ce ta yi wa Yaya Shatu ƙarya ba da sani ba, ba ƙuna ba ce, cizon ƙwaro ne, kuma Shatu ce ma ta gane. Ta durƙusa ta nemi gafara. Shatu ta bar ta ta gama tsaf, sannan ta tambaye ta ko wannan jawabi zai dawo da alhazai ɗakunanta, don a halin yanzu ƙadangaru ne ke haya a ciki. Ta ɗauki garwarta ta wuce.

Aikin da ya sa aka san Ramlatu bayan nan ya fara. Likita ya ce mata inda aka samu ɗaya akwai wasu, suna nan kwance cikin masu zazzaɓi ana ba su maganin sauro a banza, shi kuma ba shi da idon da zai shiga inda tabon ke ɓuya. Da farko Ramlatu ta gwada dubawa kai tsaye, matan suka ƙanƙame zannuwansu. Tsoronsu kada a gano musu wata cuta a tsare su, a hana su Arfa bayan sun sayar da gona da shanu. Wata ma cizo ta kai mata.

Sai ga Ramlatu wata safiya da tsinken kitso da matsefi da ɗan kwalban man zaitun. Ta zauna a kan gadon wata 'yar Malayu da gashinta ya cukurkuɗe da gumi, ta ɗora kanta a cinya ta fara tsefewa. Mace ko ta wace ƙasa ce, in ta kwana biyu a kwance aka taɓa mata kai da tausayi, jikinta sakewa yake yi. Tana tsaga gashin tana duba fatar kai, da bayan kunne, da ƙeya. In ta gama kitso sai ta kawo ruwa da ganyen magarya, ta goge wuya, ta gangara hammata, ƙarƙashin nono, inda zane ke ɗaure ƙugu, har matsematsi. Ba ta jin harshensu, ba su jin nata, salati kawai take yi ƙasa-ƙasa suna amsawa. Kafin shekara ta zagayo, ɗakin mata ya zama wuri ɗaya a duniya da za ka ga 'yar Turkiyya da 'yar Bangala da 'yar Jawa kwance jere da kitson Damagaram.

Ba wai tabon yana da yawa ba. Mafi yawan zazzaɓin na rana ne, sai na sauro, sai na hanji. A ɗaki cike maƙil takan samu mace ɗaya, in ta yi yawa biyu. Wata shekarar har alhazai su watse ba ta ga ko ɗaya ba. Waɗanda ta samu kuwa kusan duk daga gabas suke, Jawa da Malayu da Bangala. Ba ta taɓa ganin sa a jikin Bahaushiya ba. Duk da haka ba ta tsallake gadon kowa, har yatsunta suka kumbura, bayanta ya ranƙwafa.

Shatu ta san wannan duka don a gabanta aka yi. Matan Sudan da na Yaman da na ƙasar Hausa da yawa suna zuwa da tabon lalas na gaskiya, sabo da tsoho, sai Ramlatu ta aika a kira ta ta bambance. Shatu takan zo tana mita, wai ta zo ne kawai kada a sake ɗora mata ƙunar wani. Ta danna, ta ce wannan wuta ce, hannun ma na marar gwaninta ne, ko ta yi shiru ta ɗaga kai, Ramlatu ta tafi kiran likita. In ta gama ba ta tafiya. Takan zauna a bakin ƙofa tana kallon hannuwan nan suna shiga gashin baƙuwa, suna fita, suna juya ta kamar jaririya. Ita wuta ta sani, a ƙona mutum ya yi ihu ya warke. Ba ta taɓa zaton ana farautar ciwo da tsinken kitso ba.

Wata rana ta kasa haƙuri ta ce, "Ke dai ba ki da lissafi. Ki yi wa gari guda kitso don ki samu mace ɗaya? Ki duba 'yan Jawa ki bar sauran mana."

Ramlatu ba ta ɗago daga kan da take kitsawa ba. "Yaya, ai ban san wacece ɗayar ba. Sauran kuma kansu na ƙaiƙayi."

Maganar bazan dai tana nan. Kowace shekara ranar takwas ga watan hajji, kafin motar asibiti ta ɗebi ma'aikata zuwa Mina, Ramlatu takan zo ƙofar Shatu ta durƙusa ta ce, "Yaya Shatu, zan hau. A yafe mini." Shatu takan ce Allah ya kai ta lafiya ya dawo da ita lafiya, amma ba bana ba. Ramlatu ta ce to, Allah ya kai mu baɗi, ta tashi ta karkaɗe gwiwa. Ta tafi ta tsaya Arfa tsakanin majinyata, tana roƙa wa kowa, tana jin nata nauyin yana nan inda yake. Matan unguwa suka yi ta yi wa Shatu faɗa, har liman ya aiko. Ta ce hakkinta ne, ba na liman ba, in ta ga dama ta kai shi kabari ta yi matashi da shi. Fushin kam ya daɗe da hucewa. Taurin kai ne ya rage, shi kuwa Shatu ba ta taɓa neman aronsa ba. Kuma a ganinta baɗi ba ta ƙarewa.

Shekarun sittin suna gab da ƙarewa, hajji ya zagayo cikin sanyi, likitan nan ya koma ƙasarsu. Ranar takwas ga wata Shatu ta fito da tabarma ƙofar gida tun da safe, amsarta a bakinta. Hantsi ya yi, rana ta take, motoci suna ta wucewa da masu harami suna talbiya. Ramlatu ba ta zo ba.

Shatu ta tsallaka lungu ta tura ƙofa. Ta same ta kwance a kan gadon igiya, jiki kamar garwashi, numfashi yana fita da ƙyar. Ta zauna ta ɗora kanta a cinya, ta zare tsinken da ke soke a gashinta, ta fara tsefewa. Ta duba fatar kai, ta duba bayan kunne da ƙeya. Ta jawo buta ta jiƙa tsumma, ta bi wuya, ta bi hammata ɗaya, ta bi ɗayar, duk yadda ta ga ana yi. A ranta roƙo take Allah ya nuna mata baƙin ɓawon nan, don shi ta san yana da kafso, ta ga yadda yake tayar da wanda aka fidda rai da shi. Ta duba har tsakanin yatsun ƙafa. Ta sake komawa daga sama. Fata ce kawai ta tsohuwar da ta sha aiki.

Ramlatu ta buɗe ido, ta gane abin da ake yi mata. Dariya ta so yi, tari ya tare ta.

"Yaya, ni ina na ga ciyawa?"

Shatu ta ce ta rufe mata baki. Ta kitse mata kan tsaf, kitson hannun da ya saba da ƙusa, karkatacce, sannan ta fita ta kira 'yan garuwa. Mota ba ta shiga lungun, sai suka ɗauki gadon da ita a kai za su fitar da ita bakin titi. Ciwon a huhu yake, ya riga ya ci ƙarfinta. Washegari, mutane suna tsaye a Arfa, ta cika a ɗakin matan da ta yi wa hidima, Shatu ba ta ƙara ganin ta da rai ba.

Amma a ranar da aka ɗauke ta, da gadon ya iso daidai bazan, Ramlatu ta ɗaga hannu aka tsaya. Ta juyo da kai tana neman Shatu, ta fara cewa bana ba za ta hau ba, amma duk da haka, sai numfashi ya yanke mata maganar. Masu layin ruwa suka ajiye garwaninsu. Shatu ta ƙaraso tana jan gwiwa, ta kama ƙafar gadon, ta ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji.

"Na yafe, Ramlatu, duniya da lahira, ku kuma ku shaida. Amma in kin je aka tambaye ki, ki faɗa musu gaskiya: Shatu ba ta ƙuna a hammata."